Jakin da Yaya ta sayar

Shekarar da gulbi ya ci tsohon garin Maraɗi, anasara suka tayar da mu zuwa bisa tudu, akwai wani labari da nake rubutawa. Ban yi karatu mai zurfi ba. Na yi allo, na ɗan taɓa lakwal, makarantar boko ke nan, kafin mahaifina ya maida ni gona. Da ajami nake rubutu, a kan duk takardar da ta faɗo hannuna. Labarin wani mutum ne da jakinsa mai ido ɗaya, ya tashi ɗauko uwarsa da ke kwance ba lafiya a wani ƙauye ƙetaren gulbi. Duk abin da na rubuta sai in kai Tsibiri, inda yayata take aure, in karanta mata tana aikinta. Ita ta goye ni ina ƙarami, ita kaɗai ce kuma ba ta yi dariya ba da na ce zan yi littafi.

Na kawo mutumin bakin gulbi, ya tarar ruwa ya cika, sai namu ruwan ya zo. Muka shiga kwasar kaya da buga tubali. Wannan uzuri ne na gaskiya, amma bai daɗe ba. An gama gini, na samu aikin awon gyaɗa a wani kanti, ina da la'asar tawa sakayau, sai na ba da ita ga dara a gindin bishiya. In an tambaye ni labarin, in ce ruwa ya tafi da takardun. Ƙarya nake, Allah ya yafe mini. Suna cikin gafaka a rataye, ko danshi bai taɓa su ba. Wani lokaci nakan sauko da su da niyya, sai in ga farkon bai yi mini ba, in hau sake kwafe shi da kyakkyawan hannu. Kafin in iso bakin gulbi na gaji. Haka damina ta bi damina, mutumin yana tsaye da jakinsa, uwarsa tana jira.

Wata kaka aka tura ni Jiratawa da sikeli. Mun gama awo, kamiyo, babbar motar kwasar buhuna, bai zo ba, muka zauna a inuwa. Wani mai ɗinkin buhu ya ce bari ya rage mana rana da labari. Da ya ambaci jaki mai ido ɗaya sai na kasa kunne. Labarina ne, har inda jakin ya cinye tabarmar mai masauki, mutane suna ta dariya. Ina jin daɗi, ina jira ya tsaya a bakin gulbi. Bai tsaya ba. Ya ce mutumin ya sayar da jakin ga wani bafatake, ya hau kamiyo ya zagaya ta inda ruwa bai kai ba.

Na tambaye shi inda ya samo labarin. Ya ce wurin matarsa, 'yar Tsibiri ce, can mata suke ba da shi wajen sussuka.

Ranar da ba awo na kama hanyar Tsibiri da ƙafa, ina ta shirya faɗa. Na iske Yaya a tsakar gida tana surfe. Muka gaisa, ta ba ni ruwa, ta tambayi iyali. Ban gama shan ruwan ba na ce mata na ji abin da ta yi wa jakina. Ko tsayar da taɓarya ba ta yi ba. Ta ce mata sun dame ta da tambaya, kullum sai sun ce ina aka kwana, ita kuma ta gaji da cewa ƙanenta na nan tafe. Tsohuwa tana kwance da ciwo, in ji ta, ba a barin ta haka shekara da shekaru saboda wani yana buga dara.

"Malam mai littafi," ta ce, "ba ka ce ruwa ya ci takardun ba? To abin da ruwa ya bari ai na mai tsintuwa ne."

Na ce mutumin nan ba zai taɓa sayar da jakin ba. Uwarsa ce ta yi renon jakin tun yana ɗan aholaki, kuma a kansa za a ɗauko ta, in ya sayar me za ta hau?

"To mi ya yi?"

Na ce ya bi gaɓa ya yi gabas, har ya iske masu fito da gora. Suka ce za su haye da shi, amma ba su ɗaukar dabba. Sai ya tuɓe rigarsa ya ɗaure wa jakin lafiyayyen idon, don kada ya ga faɗin ruwan ya tsorata, ya riƙe igiya da haƙori, ya rungumi gorar.

Wallahi kafin in buɗe baki ban san da masu fito ba, ban san da rigar ba. Haushi ne ya fito da su. Yaya ta jingina taɓarya, ta ɗauko faifai, ta zauna tana bakace ba ta dube ni ba. Ta ce sai kuma aka yi yaya. Na ci gaba. Da na kai tsakiyar ruwa, igiya ta kuɓuce, sai na ga matan maƙwabta biyu sun shigo sun tsaya a bakin zaure da tulunansu a kai. Ban san inda zan bi ba, na ce a nan zan dakata.

Yaya ta ce ba laifi, amma in sani ranar kasuwa mai zuwa za su taru sussuka. In ban zo da sauran ba, kada ne zai kama jakin, ta riga ta shirya yadda za ta faɗa.

Da na koma gida ban taɓa gafakar ba, don na san halina, farkon zan sake kwafewa. Na nemi sabuwar takarda, na jiƙa tawada da ta bushe a kurtu, na fara daga inda igiya ta kuɓuce. Hannuna ya yi tauri, layukan suna karkacewa kamar na sabon shiga, na bar su a haka. Abokan dara suka aiko kira, na ce a gaya musu ina cikin ruwa.

Ranar kasuwa na isa Tsibiri da takarduna kafin a baza dammunan hatsi. Jakin ya haye, ya fito yana atishawa, rigar mai shi a fuska. Daga nan duk mako sai na kai abin da ya samu, wani lokaci mai yawa, wani lokaci ɗan kaɗan da nake jin kunyar karantawa. Ban daina dara gaba ɗaya ba, ba zan ƙara ƙarya a kan ta baya ba. Amma kafin wata damina mutumin ya ɗora uwarsa a kan jakin, ya kawo ta gida da ranta.

A Jiratawa kuwa, na ji har yanzu a kamiyo yake tafiya. Na yi wa Yaya ƙorafi, ta ce in je in gyara da kaina, ita surfe ke gabanta.