Gwiwar Hannun Kawu

Jiya na ga 'yata tana gwada ruwan wankan jaririnta da gwiwar hannu, sai Kawu ya faɗo mini a rai. Haka yake yi wa gulbi.

Shekarar da aka haife ta na zo hutu daga bariki a ƙarshen sanyi. Uwarta na jego, ta ce romon tarwaɗa take so, ni kuwa na cika baki gaban surukai. Da sassafe na ja Kawu gulbin bayan Dabai. Ya tsoma gwiwar hannu, ya girgiza kai.

"Soja, ruwa bai yi ɗumi ba. Kifi na kwance ƙasa, ba ya cin komi. Zauna."

Na ƙi. Na yi ta jefa ƙugiya har hantsi, ko motsi, shi kuwa yana gasa dankali cikin toka, ƙamshi ya cika wurin. Sai da rana ta take ya sake gwadawa, ya karɓi ƙugiyar. Tarwaɗa uku ya ciro.

A ƙofar gida ya miƙo mini su. "Shiga da su, kai ka yi alkawari."

Har ya rasu bai faɗa wa kowa ba. Allah ya rufa masa asiri yadda ya rufa mini.