Ƙanen da Ya Tsaya Wanke Ƙafa

Mu uku ne: Hajiya Dije, mahaifiyar babana, wadda muke kira Inna, ƙanwata Rabi, sai ni, Sani, wanda Inna take kira maigidanta saboda wasan jika da kaka. A Makera muka taso. Bayan magariba, idan an sauke tuwo, Inna takan jawo kujerarta kusa da murhu tana ɗumama ƙafafu da sauran garwashi, mu kuma mu zauna a gabanta.

Labarin da muka fi nema shi ne na Jatau da ƙanensa Ƙarami. Mahaifiyarsu ta makance, aka ce maganinta yana kan wani dutse a hayin kogi. Jatau mai baki ne, kafin ya ga mesa ya riga ya kashe ta da harshe. Ƙarami ba ya magana, gora kawai yake riƙe da ita. Amma shi ya lura da inda kada yake kwance, shi ya ba wata tsohuwa a bakin kogo ruwa har ta nuna musu hanya. Suka samo maganin, suka juyo, suka shiga kwalekwale. Daga nan sai Inna ta ci gaba da Jatau shi kaɗai har gida. Ba ta sake ambaton Ƙarami.

"Inna, ina Ƙarami?" Rabi takan tambaya.

"Ya tsaya wanke ƙafa," in ji ta. "Ku tashi, hayaƙi ya ishe ni."

Ina shekara ta uku a jami'a aka ba mu aikin nazarin tsarin labari. Na dawo gida da waya da littafin rubutu, na sa Inna ta ba da labarin Jatau ina naɗa. Da ta zo kan kwalekwalen sai na katse ta. Na bayyana mata, cikin ladabin da nake alfahari da shi, cewa labarin yana da giɓi: duk wanda aka gina shi kamar Ƙarami, dole a faɗi makomarsa, ko ya mutu ko ya dawo.

Ta dube ni ta yi murmushi. "To maigida, kai da ka yi boko, dawo mini da shi mana."

Na dawo da shi a takarda. Na sa ya iso gida da gorarsa, aka yi murna. Na karanta mata, ta ce ya yi kyau. Malamina ma ya yaba. Tun ranar, duk wanda ya nemi labari sai ta ce a tambayi maigidanta.

Bayan rasuwarta ne Baba ya gaya mini. Tana yarinya a garinsu, ƙanenta ya shiga kwalekwale da damina tare da yayansu, yayan kaɗai ya sauka. Ba a ga gawa ba. Inna ba ta ga mutuwarsa ba, don haka ba ta yarda ta kashe shi da bakinta ba, ba ta kuma yarda ta yi ƙaryar dawowarsa ba. Ta bar shi a bakin ruwa tun tana yarinya har ta tsufa. Abin da na kira giɓi, nan ne kaɗai wurin da ta faɗi gaskiya tsantsa, ni kuwa na cike shi don neman maki.

Na zauna da Rabi muka ƙirga. Labarai goma sha ɗaya Inna take da su. Goma sun tafi tare da ita. Guda ɗaya yana cikin wayata, minti bakwai, kuma muryata ce ta yanke shi.