Ƙafar Yaya a Cikin Kati

Yayata ba ta taɓa karɓar abu ba sai ta juya shi ta duba gindinsa. Haka take tun muna yara a makarantar mishan. In aka ce mata an kulle ƙofa, sai ta je ta girgiza ta da kanta. Wannan halin ne ya haɗa ta da ogan.

Malamar waƙa tana da wata ogan, akwatin kiɗa mai feda, a kusurwar aji. Mu sauran yara muna jin muryar ogan ɗin mu yi tsit, Yaya kuwa ta ƙi yarda cewa akwatin katako zai yi waƙa haka kawai. Da malamar ta gaji da tambaya, sai ta kwance allon baya ta nuna mata. Ina tsaye a wurin. Akwai zugazugi irin na maƙera, wanda feda biyu ke motsawa, da jerin ƙananan harsunan tagulla, kowane maɓalli da nasa. Ka taka feda iska ta motsa, ka danna maɓalli ta bi ta kan harshe, harshen ya yi rawa, murya ta fito. Yaya ta sa yatsa ta taɓa ɗaya, ta ce, "To, yanzu na yarda."

Ta girma ta zama malama, ta yi aure, ta haihu, ta binne mijinta. Da makaranta ta daina koyar da waƙa aka mayar da ogan ɗin coci, ita ce ta bi ta. Kowace Lahadi tana kan kujerar mai kaɗa ogan. Ita ke liƙe zugazugin in ya tsage, ita ke toshe hanyar ɓera, mabuɗin murfin kuma yana rataye a wuyanta da zare.

Gwiwa ce ta fara cin amanarta, ta hagu. Sai ya zama in waƙa ta zo inda ake jan murya, ogan ɗin ta shaƙe a tsakiya, jama'a su ƙarasa su kaɗai. Ba wanda ya yi mata magana. Amma ta ga dattawan coci suna haɗa kai bayan an tashi, ta kuma san kujerarta ake tattaunawa.

Mijin 'yarta mai gyaran rediyo da lasifika ne, yana kuma kaɗa kibod, wato ogan ta lantarki, a wajen taro. Mai Waya take ce masa, don ba ta taɓa ganinsa ba waya a aljihu ba. Wata ranar Asabar ya shigo ɗakinta da kibod a kafaɗa, ya durƙusa ya gaishe mu, ya ajiye shi a kan tebur.

"Mama, wannan ba ya son ƙafa. Yatsu kawai."

Ta juya shi ta duba gindinsa. Ta ƙwanƙwasa. Ta kara kunne.

"Ta ina iskar ke shiga?"

"Ba iska, Mama. Wuta ce."

"Wuta ba ta numfashi. Wa ke numfashi a ciki?"

Nan ya yi kuskuren da ya ja masa wahala. Don ya burge ta, ya taɓa wani maɓalli a gefe, kibod ɗin ya ɓarke da kiɗa shi kaɗai, har da ganga, hannun kowa na gefe. Yaya ta ja kujerarta baya.

"Kashe. Na gode. Ka gaida gida."

Da ya fita ta dube ni. Har yau Auta take ce mini, duk da furfurar da ta cika mini kai.

"Ka gani ko, Auta? So suke su zaunar da ni kamar 'yar tsana, ina wasa da yatsu, wani can da ban sani ba yana kiɗan. In an saba, sai a ce ai ko ba ni ma yana yi. Mai Waya ya haye kujera, ogan kuma a kai ta wajen masu gwangwani."

Ni ma ban yarda da abin ba, gaskiya. Amma an koya mana a makaranta cewa kafin ka ƙi abu ka fara sanin yadda yake aiki. Na je shagon Mai Waya. Ɗan ɗaki ne mai warin dalma, tsofaffin lasifiku jere har rufi, ga gwangwanayen sukurori kowanne da girmansa. Na ce ya buɗe mini cikin kibod yadda aka buɗe mana ogan. Ya buɗe. Ba komai sai wani koren faranti da ƙananan baƙaƙen abubuwa a manne.

"Kawu, murya ai girgizar iska ce," ya ce. "Makirufo ya ji girgizar, na'ura ta auna ta a kai a kai, da saurin da kunne ba zai kama ba, ta adana awon a matsayin lambobi. In ka danna maɓalli, sai kibod ya karanto lambobin, ya mai da su wuta mai hawa da sauka, wutar ta tura fatar lasifika gaba da baya. Fatar ta girgiza iska kamar yadda harshen tagulla ya yi. In ka riƙe maɓallin, sai ya yi ta maimaita tsakiyar muryar har ka saki."

Ya nuna mini wata 'yar kafa a bayansa. A nan ake zura kati, wanda bai fi farcen babban yatsa ba, a ƙara wa kibod muryoyin da bai zo da su ba. Ya ce akwai katin da ke ɗauke da muryar manyan ogan na ƙasashen waje.

Na kai wa Yaya wannan labari daidai yadda na ji shi. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Waɗannan manyan, ƙafar wa ta hura su?"

Ban sani ba. Mai Waya ma bai sani ba. Ya sosa ƙeya, can ya ce, "To, in muryar ogan ɗinki muka zuba a katin fa?"

Ba ta amsa ba sai da ta kwana a kai. Sannan ta kafa sharuɗɗa: ogan ba za ta bar inda take ba, mabuɗi na wuyanta, kuma ba ƙafar da za ta taka feda sai tata.

Muka riƙa zuwa coci da rana a tsakiyar mako, lokacin da ba kowa. A kashe fanka, a rufe tagogi. Mai Waya ya kafa makirufo, ya ɗaga hannu, Yaya ta danna maɓalli ɗaya ta riƙe, tana takawa, har ya sauke hannun. Sai ta huta, a shiga na gaba. Daga manyan muryoyi na hagu muka fara. Duk lokacin da ya taɓa na'urarsa sai ta leƙa.

"Me ka goge?"

"Tarin Kawu ne, Mama."

"To, goge shi. Shi ma bai taɓa zuwa a kan lokaci ba."

Ranar da muka kai ƙananan muryoyi na dama, gwiwar ta kumbura. Ta taka dai, amma kowace murya sai ta tashi ta faɗi kafin ya sauke hannu. Ya ce, "Sun yi, Mama. An gama." Ta kalle shi ta gefen ido. A hanya ta ce mini, "Ya yi saurin yarda."

Da ya kawo katin ya zura a kibod, ta zauna ta fara daga hagu. Ogan ɗinmu ce, ta kusurwar aji, har da 'yar rawar da muryar ke yi duk sanda ƙafar hagu ta makara. Yaya tana bi ɗaya bayan ɗaya, fuskarta ba ta nuna komai ba. Da ta kai dama sai ta tsaya. Ta sake dannawa. Ta koma tsakiya, ta dawo.

"Mai Waya."

"Na'am, Mama."

"Yaushe gwiwata ta warke har take wannan gudun?"

Na kasa kunne, sai na ji abin da ta ji. A can sama rawar muryar tana sauri, kamar ƙafar budurwa. Ya sunkuyar da kai. Ya ce na ranar ƙarshe ba su yi ba, shi ne ya ɗauko na tsakiya ya sa kibod ya karanto lambobinsu da sauri. In aka yi haka muryar takan ƙara tsini, amma komai na cikinta sai ya ƙara sauri, har ɗingishin feda.

"Naki ne dai, Mama, ban sa na kowa ba. 'Yarki ce ta ce in na sake sa ki taka feda da wannan gwiwar, in nemi wajen kwana."

"Ita ta haife ni?" Yaya ta ce. "Ɗauko makirufonka."

Haka muka koma. Wata ranar murya ɗaya kawai ake samu, wata ranar ba a samu ko ɗaya ba, 'yarta na tsaye da ruwan zafi da tawul tana mita. Har muka kai maɓallin ƙarshe. Kafin ta yarda a kai kibod coci, sai da ta sa ya liƙe maɓallin nan mai kiɗa shi kaɗai, ta gwada shi da babban yatsa ta tabbatar ba ya motsi.

Ranar Lahadi ta zauna a kujerarta, kibod a gabanta. Da aka zo inda ake jan murya, muryar ogan ɗin ta riƙe har jama'a suka sauke numfashi. Dattawa ba su sake haɗa kai ba. Ni da nake kusa na ga ƙafafunta suna motsi kaɗan a kan siminti, hagu na bin dama a makare.

Har yanzu ita ke kaɗawa. Da an tashi sai ta zare katin, ta sa a 'yar jakar da ta ɗinka masa, ta rataye tare da mabuɗi. Mai Waya ya ce ya adana wani katin irinsa a shagonsa ko da wannan zai ɓace. Ta ce ya kawo mata shi ma.