Gwiwar Liman Gazali

Malam Gazali limami ne a wani ƙaramin masallaci a Mabera, sana'arsa ɗinkin hula. Tun yana saurayi a zaune yake wuni: ɗinki da safe, karatu da yamma. Jiki ya yi ta taruwa, mutane na cewa kwanciyar hankali ce.

A layinsu har yau ana ciyayya. Bayan Magariba kowane magidanci zai fito da kwanon gidansa, a jera a ƙofar masallaci, kuma dole Liman ya sa hannu a kowanne. In kwano ya koma ciki, abin da matar gida ke fara tambaya shi ne, "Liman ya ci?"

Wata rana a sallar La'asar ya yi sujada ya kasa tashi, sai da mutum biyu daga sahun gaba suka kama shi. A asibiti likita ya ce kaya ne ya yi wa gwiwa yawa, ga hawan jini ya soma leƙowa. Ya rage tuwo da mai, ya bar lemon kwalba, ya yawaita ganye, ya riƙa tafiya a ƙasa.

Malam ya fi kowa sanin cewa mai salla a zaune ba ya jan masu tsayuwa. Da kansa ya tura na'ibinsa Junaid gaba, shi kuma ya koma ƙarshen sahu a kan kujerar roba. Limancin da ya gada daga mahaifinsa ke nan.

Da aka jera kwanoni, sai ya naɗe hannu.

"Allah shi gafarta Malam, mi munka yi maka?" in ji Maccido mahauci, abokinsa tun na makarantar allo.

"Ba ku yi komi ba. Likita ya hana."

"Likita? To tashi ka tahi ka gaya ma matata Rahmatu da bakinka. Ni ba ni maida mata kwanon ga haka nan, ina son kwana lahiya."

Aka yi dariya, ban da Malam. Ya ce, "Maccido, kwano ko mihrabi. Ku zaɓa mini guda."

 Can Maccido ya jawo kwanon matarsa ya rufe.

Matar Malam, Wasila, ita ta bi gidajen ɗaya bayan ɗaya ta yi wa mata bayani. Aka tsaya a kan kullum gida guda ne zai ciyar da Liman, a ɗan ƙaramin kwano. Rahmatu ta yi fushi na kwanaki, sannan ta fara aiko da kwaɗon zogale. Bayan Asuba kuma Malam ya kan zaga unguwa da sanda, Maccido na biye da shi yana mita, shi ma da nasa tumbin.

Abin bai zo da sauri ba. Azumi ya wuce, ƙibar ta ragu; naman layya ya maido da rabi. Sai da damina ta ja baya wata Magariba Junaid ya tsaya bayan iƙama, ya waiwaya ya dubi Malam. Malam ya ture kujera ya wuce gaba.

Sujada ta biyu a raka'ar farko ta yi tsawo. Sahu duka aka kasa kunne. Sai suka ji "Allahu Akbar", daga sama muryar ke fitowa: Malam ya miƙe da kansa.