Gwangwanin Madara a Injin Baffa

Jiya warin baƙin mai ya tuna mini Baffa, ƙanen mahaifina. Zamanin arzikin fetur, 'yan Wudil na ta sayen sabbin motoci, shi yana lallaɓa tsohuwar Fijonsa. Ya ɗaura gwangwanin madara a bakin tiyon da injin ke huci, yana tare man da ke ɗiga. Duk Juma'a sai ya dangwala, ya shinshina, ya zubar.

Ranar da na ari motar zuwa biki, kunya ta sa na cire gwangwanin na yar. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Ɗana, a nan take gaya mini ciwonta."

Yau tawa motar na tari, ba wanda zan kai wa. Allah ya haskaka kabarin Baffa.