Baba Sifili da Kwalbatin Mama Nkechi

Da safen nan ina tsaye ina ɗaura ɗankwali zan tafi ofis, sai ga kiran Zainab, 'yar Malam Garba. Ban ma gama amsa gaisuwarta ba ta ce Baba ya cika bayan sallar asuba.

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma.

Na zauna a bakin gado da ɗankwalin a hannu. Na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba. Amma duk abin da na tuno game da bawan Allahn nan sai ya sa ni dariya a cikin hawayen, shi ya sa na ce bari in rubuta ko zan samu sauƙi.

Waɗanda muka yi aiki tare a sashen taswirar hanyoyi ba su san wani Malam Garba ba. Baba Sifili suka sani.

Bari in yi wa waɗanda ba 'yan aikinmu ba bayani. A manhajarmu ta taswira kowane titi layi ne, kuma kowane layi yana da farko, wato sifili. Duk abin da ke kan titin, kwalbati ne, rami ne, allon alama ne, da nisansa daga sifilin ake rubuta shi, a ce dama yake ko hagu. Idan aka rubuta 1+250, ana nufin kilomita ɗaya da mita ɗari biyu da hamsin daga farkon titi. Kwamfuta sai ta bi layin ta ɗiga abin a wurinsa.

To shi Malam, ko ruwan sha ka kawo masa labarinsa sai ya tambaye ka ina sifilinka. Daga nan sunan ya bi shi, kuma bai taɓa jin haushi ba.

Ni kuwa na zo ofis ɗin da digirina da girman kaina. Na tarar da dattijo yana yawo da tayar awo da wani littafi da ya sha ruwan sama har ya kumbura. A raina na ce wannan zamaninsa ya wuce. Shi kuma tun ranar farko ya raɗa mini Hajiya Kwamfuta.

Duk ranar da za mu fita aiki sai ya zo da masa, wato waina, daga unguwarsu Dutse Uku, a kwano biyu. Ɗaya namu, ɗaya na Bulus direba, don ya san Bulus ba ya cin yaji. Shekara da shekaru bai taɓa haɗa kwanukan ba.

Ranar da ɗana ya kwana da zazzaɓi na zo ido jawur, kallo ɗaya ya yi mini ya karɓe takardun hannuna. Ya ce titi ba gudu zai yi ba, in koma gida.

Abin da ya fi haɗa mu faɗa shi ne gurbin ƙarin bayani da ake cikewa a gaban kowane abu da aka auna. Kowa yana rubuta “ya toshe” ko “ya fashe” ya wuce. Malam sai ya rubuta: gaban mai faci. Bayan bishiyar mangwaro mai rassa biyu. Inda 'yan acaɓa suke taruwa. Na sha gaya masa wannan aikin gwamnati ne, ba kwatancen gidan biki ba. Sai ya yi murmushi ya ci gaba da rubutunsa. Ni kuma duk lokacin da zan fitar da taswira sai in ɓoye gurbin, don kada a raina mu.

Wata shekara, dab da faɗuwar damina, aka ce mu kai jerin kwalbatocin da suka fi lalacewa, don 'yan gyara kaɗan kawai za su iya taɓawa kafin ruwa ya sauka. Akwai wani titi da ya taso daga bakin rafi a Jos Jarawa ya haura tudu har wata makarantar firamare. Malam ya auna shi daga rafin. A 0+420 akwai kwalbatin da ya rufta, daidai ƙofar shagon wata 'yar kasuwa, Mama Nkechi. Damina biyu ruwa yana tsallake titi ya shige mata shago. Ta ce in aka yi ta uku, tattarawa za ta yi ta koma garinsu.

Malam ya ba ni littafinsa, na shigar da lambobin. Amma da zan zana layin titin a kwamfuta, sai na fara daga saman allo na gangaro, yadda nake fara rubutu a takarda. Saman allon nan kuwa makarantar ce. Ke nan na ɗauke sifilin daga rafi na kai shi kan tudu ban sani ba.

Taswira ta fito tsaf, na sa mata kala, na kai teburin oga ranar Alhamis ina taƙama. Litinin 'yan gyara za su fita da ita.

Da safiyar Juma'a Malam ya jawo kujera kusa da ni, ya ce in buɗe masa gurbin nan nasa da nake jin kunya. Na buɗe ina tura baki. Ya sa tabarau, ya bi ɗigon da yatsa, ya tsaya a kan ɗaya.

“Hajiya Kwamfuta, yaushe Mama Nkechi ta tashi ta koma jikin firamare?”

Na duba. Ɗigon da aka rubuta wa “ƙofar shagon Mama Nkechi, mai sayar da burodi” yana zaune a kan tudu. Kuma don abin ya cika, akwai wani ɗan kwalbati lafiyayye a kusa da wurin. Da 'yan gyara sun je, ciyawa za su share masa su rubuta an gama. Lambobin duk daidai suke, babu wanda zai gane. Rubutun nan da na raina shi kaɗai ya tona.

Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Gyaran bai fi minti ɗaya ba, juya kan layin kawai za a yi. Na kai hannu zan juya, ya ce in dakata. Ya kira Bulus, ya ɗauko tayar awo ya miƙa mini. Aka sauke ni a bakin rafi, da dogon takalmina na zuwa ofis, ya ce ga sifili nan, bisimilla. Na tura taya yana biye da ni yana gaisawa da jama'a kamar mai neman ƙuri'a, Bulus yana lallaɓowa a baya da mota yana dariyar da yake cewa tari ne.

A 0+420 cif tayar ta tsaya a bakin ramin. Mama Nkechi ta fito ta rungume hannu.

“Baba, kun zo kuma? Kullum awo, kullum awo. Bara ruwa ya kwashe gari na da sabulu duka. Wannan yarinya, shi ne zai gyara?”

Malam ya ce ai ni ce mai sa kwalbatinta a taswira, kuma na zo da ƙafata don in tabbatar. Bai ƙara ko kalma ɗaya ba. Matar nan ta shiga ta ɗauko mini burodi da lemo mai sanyi, tana ta sa mini albarka. Ban taɓa cin burodin da ya tsaya mini a wuya kamar wannan ba.

Da muka koma, shi ya shiga wurin oga ya karɓo taswirar. Ina daga bakin ƙofa na ji yana cewa mun juya titi ƙafa a sama, za mu kawo gyararriya kafin masallaci. Mun, ya ce. Har ya yi ritaya babu wanda ya ji zancen daga bakinsa. Yau ni na tona kaina.

Aka gyara kwalbatin kafin ruwan farko. Ni kuma tun daga ranar ban sake ɓoye gurbin nan ba. Yanzu ma na fi shi tsawaita bayani, har sababbin ma'aikata suna gulmata.

Ganinmu na ƙarshe mako biyu ke nan. Na je duba shi, na same shi a ƙofar gida a kan kujerar roba, ya rame amma bakin yana nan. Likita ya ce ya riƙa ɗan tattaki, shi ne ya auna layin gidansu da tsohuwar tayarsa. Ƙofarsa sifili. Mai shayi 0+060. Masallaci 0+140. Ya nuna mini a littafi, kowace rana da inda ya kai, har da ƙarin bayani: na huta a dakalin tela.

Ya tambaye ni ko Mama Nkechi tana nan. Na ce tana nan, har ta ƙara firiza. Ya yi dariya sai da tari ya kama shi.

Da zan tafi ya ce, “Jiya na kai 0+200. In kin dawo za ki same ni na wuce famfo.”

Na ce sai na zo na auna da kaina, don ban yarda da lissafin tsofaffi ba. Ban koma ba. Wannan yana ci mini rai.

Ɗazu a hanyata ta zuwa gidan rasuwar na ce wa mai keke ya bi ta Jos Jarawa, in sanar da Mama Nkechi. Jiya da la'asar an yi ruwa mai ƙarfi, har yanzu yana gudu ta ƙarƙashin titin. Dakalin shagon a bushe yake ƙayau. Amma shagon a kulle. Maƙwabcinta ya ce Bulus ya riga ni kiranta, ta ja ƙofa ta tafi Dutse Uku.

Ga ta nan kusa da ni a tsakar gida cikin mata, ta yafa zane a ka, tana riƙe da hannun Zainab.

Za a yi jana'iza bayan azahar a masallacin layinsu. Waɗanda suka san gidan, daga ƙofarsa 0+140 ne, hannun dama, gaba da mai shayi.

Ya Allah, ga Malam Garba nan ya zo gare ka. Ka yafe masa, ka rufa masa asiri kamar yadda ya rufa mini, ka yalwata masa makwanci. Duk ruwan da ya bi ta ƙarƙashin titin nan bai shiga shagon kowa ba, ka rubuta masa shi a lada. Ka ba Zainab da 'yan'uwanta haƙuri.

Duk wanda ya karanta har nan, don Allah kada ya wuce bai sa Baba Sifili a addu'a ba.