Gaggafar Iya Halina

Maitama ya zo Amurka a shekarar 2002, ya sami aikin gyaran na'urori a wani asibiti, ya zauna a Beltsville shi da matarsa Sailuba. Ba mai yawan magana ba ne. Duk wanda zai tafi gida hutu a cikinmu, a hannunsa yake barin makulli.

Maƙwabciyarsu wata tsohuwa ce 'yar asalin Poland, suna kiranta Iya Halina. A falonta akwai wani tsohon zanen zambo da kakanta ya yi lokacin da Rasha ke mulkin ƙasarsu. Wata ƙatuwar dabba ce, beyar, da kambin sarkin Rasha a ka, ta yi matashi da farar gaggafa, gaggafar kuma ta kama kunnenta da baki. Gaggafar ita ce Poland. Saboda wannan takarda aka kai kakan Saiberiya, bai dawo ba.

Da ta karye a ƙugu za a kai ta gidan kula da tsofaffi, ta miƙa wa Maitama zanen.

"Riƙe mini har jikata ta zo daga Chicago. Kada ka bari ya yi barci."

"Wa, Iya?"

"Sarkin mana."

Ya rataye shi a falo. Bayan wata biyu Sailuba ta haihu, mutane suka cika gidan ranar suna. Azahar ta yi, aka shimfiɗa dardumai, sai ga zanen daidai alƙibla. Liman ya ɗan kalli bangon. Maitama ya cire shi, ya sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ya jingine shi a ƙasa da niyyar ɗaukowa bayan sallama, sai ya manta da shi.

A Satumbar 2011 aka yi ruwa kwana huɗu. Da ya sauka ɗakin, ruwan ya kai idon sawu. Rabin takardar na ƙasa ya narke. Beyar na nan da kambinta, gaggafar babu.

Kowace Lahadi yana kai wa tsohuwar farfesu. Takan tambaye shi, "Tana cizonsa?" Shi kuma sai ya gyara mata matashi. Haka har Lahadi tara.

A ta goma ya tafi da zanen, ya durƙusa gefen gado kamar yadda ake yi wa iyaye, ya faɗi yadda aka yi, har da batun sallar. Ta daɗe tana kallon takardar.

"Da ka juya fuskarsa bango, ai da ya isa," ta ce.

Ta sa aka rataye shi inda take gani. Farfesun kuwa ta ci.

Maitama yana nan Beltsville, unguwarmu ɗaya. Bara da zan tafi Zariya na miƙa masa makullina, ya sa hannuwansa a aljihu.

"Alhaji, ka ba maƙwabcinmu Sirajo," ya ce.